Daɓe Ya Lotsa, Bango Ya Tsage: Laifin Damina Ne ko Namu?

A daminar 2022 na wayi gari ƙofar ɗakin karatuna ta ƙi rufuwa. Ba a jima ba daɓen ya lotsa, tsaga ta kama bango daga taga har sama. Magini ya ce a shafe da siminti, shi ke nan. Injiniyan da na gayyato kuwa tarihin filin ya fara tambaya. Ashe tsohon kududdufi ne aka cike da shara, kamar yadda aka yi wa da dama a birnin Kano.

Mai karatu, shara ruɓewa take yi, ƙasa ta zauna, harsashi ya bi ta. Baƙar laka, wadda Barebari ke kira firgi, kumbura take yi da damina, ta tsuke da rani. Ruwan indararo da bututu mai yoyo su ma suna cin gindin bango sannu a hankali.

Gyaran da muka yi bai fara da siminti ba. Sai da aka kau da ruwa daga jikin gini, sannan aka haƙa ƙarƙashin harsashin gaɓa-gaɓa ana zuba kankare. Aka fasa daɓen, aka cike da jar ƙasa ana kirɓawa, kafin a sake shi.

Nijeriya ta samar da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, amma mu nawa ne ke auna ƙasa kafin aza tubali? Kuɗin da na yi wa awon rowa, ninkinsa na biya. Tun ran gini, tun ran zane.