Ruwa Ba Sa'an Yara Ba Ne: Kafin Ki Sa Hannu A Takardar Yawon Buɗe Ido



A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, makarantar Islamiyyar da nake koyarwa a Sabon Gari ta shirya wa ɗaliban da suka sauke Alƙur'ani yawon buɗe ido zuwa wata madatsar ruwa. Aka buga takarda aka ba kowane yaro ya kai gida, cikin kwana uku takardu 38 suka dawo hannuna, duk an sa hannu. Iyaye mata sun yi ta bugo mini waya. Wata tana tambaya ko da fararen kaya za a je, wata ko ta zuba wa 'yarta dambu a kula, wata kuma nawa ya kamata ta ba yaro na kashewa. Babu ko ɗaya da ta tambaye ni ko yaran za su shiga jirgin ruwa. In faɗi gaskiya, ni ma da ban tambayi kaina ba, ba don wata hira da muka yi da maƙwabciyata a Samaru ba.

Maigidanta malami ne a Jami'ar Ahmadu Bello, sun yi shekara uku a Malesiya yana karatun digiri na uku. Da na shiga yi mata barka da dawowa, muna cikin kallon hotuna a wayarta sai ga wani bidiyo: mutum shida cikin kwale-kwalen roba da aka hura wa iska, kowa da hular kwano da rigar ruwa da filafili a hannu, ruwa ya yi fari fat don kumfa yana wurgi da su tsakanin duwatsu, hagu da dama kurmi ne mai duhu. Na ƙura ido, sai na ga ai ita ce ta biyu daga gaba, da ɗan hijabinta a ƙarƙashin hular. Na ce, "Hajiya, ke da ko kwatar unguwa ba kya tsallakewa sai an riƙe miki hannu?" Ta yi dariya ta ce, "Wallahi Malama, har yau ban iya iyo ba."

A kogin Kampar ne, kusa da garin Gopeng a jihar Perak. Tafiyar wuni guda ce da kamfanonin yawon buɗe ido ke shiryawa: a ɗauke ku da safe, ku gangara kogin ku da jagora, ku ci abinci, la'asar kuna hanyar gida. Ba Malesiya kaɗai ba. A tsibirin Borneo akwai kogin Padas da ke ratsa wani kwazazzabo cikin kurmi, wanda sai a jirgin ƙasa ake kai masu wasan bakinsa. A ƙasar Kosta Rika akwai kogin Pacuare. A nan Afirka ana yi a kogin Nilu kusa da Jinja ta ƙasar Yuganda, da kuma kogin Zambezi a kwazazzabon Batoka, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. Masu harkar sun kasa haɗarin ruwa mataki shida. Na 1 ruwa ne mai tafiya a hankali, na 3 yana da igiyoyi masu ƙarfi da sai da gwani a baya, na 6 kuwa ba a kai baƙi cikinsa sam. Na Kampar bai cika wuce mataki na 3 ba, shi ya sa ake kai sababbin shiga.

Ni dai ban ga abin da zai raba ni da ɗakina in je in biya kuɗi a jijjiga ni a cikin kogi ba, kuma ba tallar wasan nake yi miki ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ta ce an yi musu kafin ƙafarsu ta taɓa ruwa.

Da farko an ƙirga su, an rubuta sunan kowa da lambar wanda za a kira. An tambayi mai ciki, da mai ciwon zuciya, da mai asma. Sannan aka ba kowa riga daidai jikinsa, wata ma'aikaciya ta bi matan ɗaya bayan ɗaya tana ɗaure igiyoyin, ta kama kafaɗun rigar ta ja sama da ƙarfi. In rigar ta zamo ta kai kunne, to ta yi yawa, sai a ƙara ɗaurewa ko a canza, domin riga mai sako-sako ficewa take yi ta bar mai ita a ruwa. Ita kuma aka ce ta cusa hijabinta cikin rigar, ta sa dogon wando da riga mai dogon hannu, ban da zani, ban da doguwar riga mai jan ƙasa. Ba wanda ya ce ta tuɓe suturarta. Dalilin shi ne tufa mai faɗi in ta sha ruwa nauyi take yi, ta naɗe ƙafa, ko ta maƙale a reshe. Wannan kam ya shafe mu kai tsaye, mu da 'ya'yanmu mata da ke fita da hijabi har ƙasa.

Daga nan jagoran ya zaunar da su a bakin kogi ya koya musu faɗuwa. I, faɗuwa. Wanda ya faɗa ruwa mai gudu ya kwanta rigingine, ƙafafunsa a sama suna fuskantar inda ruwa ya nufa, don su ne za su daki dutse maimakon kai. Kada ya kuskura ya miƙe tsaye ko da ruwan iya gwiwa ne, saboda ƙafa kan shige tsakanin duwatsu, ruwa ya kifa mutum ya danne shi. Za a jefa masa igiya, ya kama ta a ƙirji. Wanda ke cikin jirgi kuma ta kafaɗun riga zai jawo shi, ba ta hannu ba. Sai da suka gwada duk wannan a wuri mai sanyin gudu kafin a tashi. Kowane jirgi da adadin mutanensa, ba a ƙara ko jariri. Kuma in jagora ya ce a durƙusa, kowa durƙusawa yake yi, har da furofesa.

Duk da haka ba a ce ba a mutuwa ba. A watan Oktoba na 2018, a kogin Naranjo na Kosta Rika, jirage uku sun kife bayan ruwan sama ya cika kogin, baƙi huɗu 'yan Amurka da jagora ɗaya suka rasu. Don haka ne kamfanin kirki yake soke tafiya in an yi ruwa a kan tudu, ko da kuwa an riga an biya.

To, mu dawo gida. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwale-kwale ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka dam ɗin Watari zuwa Bagwai a jihar Kano. Akasarin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne za su wajen Mauludi. Jirgin ya kife, aka tsamo gawa 29, yawancinsu yara, hukumomi kuma suka ce lodi ne ya yi yawa. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Uwargida, dam ne fa, ruwa a kwance, babu dutse, babu kumfa. A ma'aunin waɗancan mutane ko mataki na 1 bai kai ba. A watan Yuni na 2023 mutum fiye da 100 suka rasu a kogin Kwara, a yankin Patigi, suna dawowa daga ɗaurin aure da dare. A farkon Oktoba na 2024 wani jirgin maƙare da mata da yara ya kife a kusa da Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa, su ma tafiyar Mauludi ce. Biki, Mauludi, cin kasuwa: duk tafiye-tafiyen da mata da yara suka fi yawa a ciki.

Ba dokar ce babu ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare da lodin wuce kima, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Amma jami'in hukuma ba ya tsaye a kowace mashaya. Wanda ke tsaye a wurin ita ce uwa, ko malamin da aka damƙa wa yaran. Mun iya cewa "kwana ne ya ƙare", kuma gaskiya ne, ajali ba ya wuce lokacinsa. Sai dai mu ɗin nan ne muke koya wa yara a aji cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, kuma amana abar tambaya ce.

Kada mutumin Zariya ya ce ai mu ba mutanen bakin kogi ba ne. Kogin Kubanni ya ratsa ta bayan Samaru, inda jami'a ta datse shi take samun ruwan sha, ya gangara ta tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, ya faɗa Galma. Da rani yaro kan tsallake wasu wuraren da ƙafa, shi ya sa yake raina shi. A watan Agusta kuwa ana iya tafka ruwa can wajen Shika, nan cikin gari ko ɗigo babu, sai kawai kogi ya taso wa masu wanki da wanka. Ga kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, masu gefe mai santsi da zurfin da ba a gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Irin waɗannan ba sa bukatar kogi. Rijiyar da ba murfi, ko bahon wanki da aka bari a tsakar gida, ya isa. Kuma mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim, bakinsa na neman numfashi ne, shiru kawai za ki ji.

Kafin ranar tafiyarmu na sami shugaban makaranta na ce, "Malam, in akwai shiga jirgi, ina so mu amince tun yanzu: ba riga, ba shiga." Ya ɗan yi jim, ya ce to. Muka raba yaran gida huɗu, kowane rukuni da malami ɗaya da takardar sunaye, a ƙirga a bakin mota, a ƙirga bayan sallah, a ƙirga kafin a taso. Na sa ƙanena ya samo mana doguwar igiya da jarkoki biyu na lita 25, babu komai a ciki, an toshe bakinsu tam, domin abin da za a jefa wa wanda ya faɗa ke nan. Malamin da bai iya iyo ba in ya yi tsalle ya bi yaro, gawa biyu za a tsamo.

Muna isa kuwa sai ga mai jirgi ya tare mu da fara'a. Dattijo ne, jirginsa na katako, da wani yaro yana kwarfe ruwa daga cikinsa da gwangwani. Na ce, "Baba, mutum nawa yake ɗauka?" Ya ce, "Hajiya, yara ne ai, duk su shigo, sawu ɗaya." Na tambayi riguna. Ya shiga rumfa ya fito da guda uku, duk na manya, ɗaya igiyarta ta tsinke. Ya ce shekararsa 30 a kan ruwan nan, ko tsinke bai taɓa faɗa masa ba. Ban musa masa ba, na san ya fi ni sanin ruwa nesa ba kusa ba, kuma abincinsa yake nema. Na dai ce ya yi haƙuri.

Yara suka yi ta ƙunƙuni, wata ma har da kuka. Muka shimfiɗa tabarmi nesa da gaɓa, aka ci shinkafa, aka yi musabaƙar karatu, dattijon ma ya zo ya zauna ya nuna musu yadda ake saƙa taru da sunayen kifaye, muka sallame shi da ɗan abin da ya sawwaƙa. Kafin magariba mun sauke yara 38 a ƙofar makaranta.

Washegari wata uwa ta aiko 'yarta da saƙo, wai tun da ba a shiga jirgi ba a mayar mata da kuɗin jirgin. Na ƙirga na sa a ambulan, na haɗa da sabuwar takardar izini da muka tsara don tafiya ta gaba. A ƙasanta mun bar layi uku da uwa za ta cike da hannunta: ko yaron ya iya iyo, ko ta yarda ya shiga jirgi, da lambar da za a same ta.