Me ke sa fanka rage gudu a lokacin zafi?

A garin Malumfashi da ke kudancin jihar Katsina, zafi kan tsananta ne daga watan Maris zuwa Mayu, kafin faɗuwar damina.

A irin wannan lokaci ne magidanta da dama kan tarar fankar silin na juyawa a hankali, ko da an kai makunnin bango lamba ta ƙarshe.

Galibi makunnin ake fara ɗora wa laifi, a sayo sabo, amma matsalar ta ci gaba. Dalili kuwa shi ne abubuwa huɗu ne kan jawo hakan, kuma makunnin ɗaya ne kawai daga cikinsu.

Ƙarfin wuta

Ana ƙera fankokin da ake sayarwa a Najeriya ne domin wuta mai ƙarfin volt 220 zuwa 240.

Idan wutar ta gaza haka, gudun fanka na raguwa. Hakan ya fi faruwa da daddare, lokacin da gidaje da yawa ke jan wuta daga taransifoma guda.

Alamar ita ce dukkan fankokin gidan, har da na maƙwabta, su rage gudu a lokaci guda. A nan gyaran ba na mai gida ba ne, sai dai a kai ƙorafi ga kamfanin KEDCO, wanda ke rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun bayan sayar da kamfanonin lantarki a shekarar 2013.

Makunnin bango

Aikin makunnin, wanda ake kira ragileta, shi ne rage wutar da ke isa ga fanka.

Idan ya lalace, fanka kan yi gudu iri ɗaya a kowace lamba, ko kuma wasu lambobin su daina aiki.

Masu gyara na da hanya mai sauƙi ta tantancewa: sukan haɗa wayoyin kai tsaye, ba tare da sun bi ta makunnin ba. Idan fankar ta koma cikakken gudunta, to laifin nasa ne.

Makunnin rage hasken fitila bai dace da fanka ba, domin yakan sa ta gurnani, ya kuma ɗumama injinta. Haka nan haɗa fankoki biyu a kan makunnin da aka yi domin guda na iya ƙona shi.

Kafasita da boris

Idan an tsallake makunnin amma gudun bai ƙaru ba, sai a duba kafasita, wata 'yar na'ura da ke saman injin fanka, wadda ke taimaka mata tashi da riƙe gudu.

Kafasita na rauni da tsufa da kuma zafi. Babbar alamar mutuwarta ita ce fanka ta ƙi tashi har sai an tura fiffikenta da sanda.

A fankoki da yawa girmanta maikurofarad 2.5 ne, kuma ana rubuta adadin a jikinta. Sa wadda ta fi girma na ƙara gudu, amma yana iya ƙona koyil, wanda gyaransa ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Na huɗu shi ne boris. Ƙurar hunturu kan shiga cikinsa, man ya bushe, fankar ta yi nauyi tana ƙara. Idan aka kashe ta aka juya fiffiken da hannu, lafiyayyar fanka kan ci gaba da juyawa na ɗan lokaci.

Hattara

Makunnin da ke ɗaukar zafi fiye da kima, ko yake warin ƙuna, na iya haddasa gobara, don haka ya kamata a daina amfani da shi nan take.

Kafin a taɓa waya kuma, wajibi ne a kashe babban makunnin gidan ko da an ɗauke wuta, domin ana iya dawo da ita ba zato. Kafasita ma kan riƙe ragowar wuta bayan an kashe fanka, shi ya sa ya fi dacewa a bar wa ƙwararre wannan aikin.