Dogon Hutun da Ba a Kwana a Cikinsa

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya, na kawo muku labarin yadda wasu ɗalibai a Amurka suke cin dogon hutunsu na bazara.

A jami'ar Caltech da ke jihar Kalifoniya, tun 1979 aka fara wani shiri mai suna SURF. Ɗalibar da ko digirin farko ba ta gama ba za ta nemi malamin da zai ja ta, su zaɓi matsala guda, ta rubuta abin da take son bincikawa. In an amince, sai ta yi mako 10 cur tana aiki ƙarƙashinsa, ana ba ta kuɗin guzuri. A ƙarshe ta rubuta rahoto, ta tsaya gaban jama'a ta faɗi abin da ta gano. A 1987 hukumar kimiyya ta ƙasar, wato NSF, ta fito da nata mai suna REU.

Wallahi abin da ya fi burge ni, mace ce, Margaret MacVicar, ta kafa shirin haɗa ɗalibai da malamai wajen bincike a jami'ar MIT a 1969, alhali ba ta kai shekara 30 ba.

To ke ƙanwata, kada hutunki ya ƙare a kallon finafinan Indiya da jiran mai zance. Je ki sami malamarku ta kimiyya, ki roƙe ta ta ba ki abin bincike, ko da ruwan rijiyar unguwarku ne. Allah Ya sa mu dace, amin.