Abin da Ke Bayan Jerin Wallafe-wallafen Malaman Jami'a

A ƙarshen shekarar karatu, ko kuwa lokacin bikin yaye ɗalibai, jami'o'i sukan fitar da wani ɗan littafi inda ake jera sunayen malamai tsangaya-tsangaya, a ce wane na sashen likitanci ya buga muƙala a mujalla kaza, wance ta sashen shari'a ta gabatar da ƙasida a taron ƙara wa juna sani a Alƙahira, wane kuma na aikin gona an ba shi lambar yabo. Galibin waɗanda takardar ke faɗawa hannunsu, in ba sunan ɗan'uwa ko na maƙwabci suka hango ba, juya shafi kawai suke yi. Alhali kuwa wannan jeri shi ne hisabin da jami'a ke bayarwa game da dukiyar jama'a da aka ɓatar a kanta, saboda haka ya wajaba mai karatu ya san yadda ake auna shi, domin layi biyu da ke kusa da juna a shafi ɗaya, masu tsawo ɗaya, mai yiwuwa ne ɗaya ya ci wa mai shi shekara biyar na wahala, ɗayan kuwa kwana uku da kuɗin aikawa.

Lissafa malamai da tasnifinsu ba baƙon abu ba ne a ƙasashen nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusukhi, inda ya ambaci shaihunan da ya yi karatu a gabansu da littattafan da ya ɗauka wurin kowannensu. Tun kafin shi kuma Ahmad Baba na Tambutu, sa'ad da yake tsare a Marrakush bayan rundunar Maroko ta rushe daular Songhai a 1591, ya tsara Nailul Ibtihaji, tarihin malaman mazhabar Malikiyya da abin da suka bari a rubuce. Magabata sun ɗauki ilmi amana, ba su karɓarsa sai sun san ta hannun wa ya biyo, shi ya sa suka riƙe ijaza da isnadi da ƙarfi. Jami'ar zamani ta gaji wannan tambaya, sai dai ta karkatar da ita daga kan mutum zuwa kan rubutunsa: wane ne ya duba wannan aiki kafin a yarda a buga shi?

Mujallun ilmi na farko sun fito a 1665, ɗaya a birnin Faris, ɗaya a Landan, ta biyun kuwa, wadda Henry Oldenburg ya assasa, har yau ana buga ta. Amma ƙa'idar aika kowace muƙala ga masana na waje ba ta zama ruwan dare ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ga yadda take gudana. Idan malami ya gama bincikensa ya aika wa editan mujalla, editan zai fara dubawa ko aikin ya dace da fannin, sa'an nan ya tura wa masana biyu ko uku, waɗanda marubucin bai san ko su wane ne ba, wani lokaci ma a cire sunansa don kada sanayya ko ƙiyayya ta shiga hukunci. Waɗannan masana, galibi ba tare da an biya su ko kwabo ba, za su bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya, su tambayi marasa lafiya nawa aka gwada wa maganin, ko a wace taska aka ga takardar tarihin da aka kafa dalili da ita, su kuma nuna wanda ya riga shi faɗin maganar bai ambace shi ba. Daga nan sai muƙalar ta komo da gyare-gyare, ta sake tafiya, ta sake komowa, har shekara takan zagayo ana wannan kai-komo. Mujalla irin su Nature kuwa takan mayar da fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da aka aiko mata. Masu tantancewar nan 'yan Adam ne, sukan yi kuskure, wani lokaci har da son zuciya, amma duk da haka ba a sami wata hanya da ta fi wannan tsare ilmi daga ƙarya ba tukuna.

Inda ɓarna ke shigowa shi ne wajen ƙarin girma. Malamin jami'a a Nijeriya yakan hau matakai ne tun daga mataimakin malami har babban malami, kana mataimakin farfesa, kana shaihin malami, kuma a kowane mataki ana neman adadin wallafe-wallafe. A matakai biyu na ƙarshe sai an tattara ayyukan an aika wa shaihunan wasu jami'o'i su yi hukunci a asirce. A Nijar kuwa, malaman Jami'ar Abdou Moumouni da takwarorinta sukan miƙa nasu ne ga hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Tsarin a kan kansa ba shi da aibi. Sai dai da zarar an ce da mutum arzikinsa da mutuncinsa sun rataya a kan lamba, to zai nemi lambar ta kowace ƙofa: wani ya tsaga bincike ɗaya gida uku, wasu mutum biyar su yi yarjejeniya kowa ya rubuta ɗaya ya sa sunan sauran, wani shugaban sashe ya ɗora sunansa bisa aikin ɗalibin da ba shi da bakin musawa.

'Yan kasuwa ma ba a bar su a baya ba. Da intanet ta yaɗu, sai aka sami mujallu masu manyan sunaye, waɗanda ba su da masu tantancewa sam, abin da suke dubawa kawai shi ne ko kuɗi ya shigo. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya ƙirƙiri muƙalar bogi a kan wani sinadari da wai yake kashe ciwon daji, ya cika ta da kurakuran da duk masanin fannin zai gane da kallo ɗaya, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka amsa za su buga. Ba na ɗora laifin duka a kan malaminmu, domin wasu mujallun ƙwarai ma sukan nemi kuɗin bugawa da ya fi albashinsa na watanni masu yawa, kuma ko da yake asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana tallafa wa bincike da halartar taruka, ba kowa hannunsa ke kaiwa ba. Amma uzurin marubuci ba ya mayar da ƙarya gaskiya, don haka mai karanta jerin sai ya yi irin ta mai sayen hatsi, wanda ba ya wadatuwa da na bakin buhu sai ya zura hannu har ƙasa: ya tambayi wace mujalla ce, wace ƙungiyar masana ko jami'a ke riƙe da ita, kuma shin wasu masana sun dogara da aikin a nasu rubutun.

Ƙasidun taro darajarsu ba ta kai ta muƙalar da aka tantance ba, domin yawanci aiki ne da bai nuna ba, an kawo shi gaban takwarori don a sha suka tun da wuri. Wanda aka gayyata ya zama babban mai jawabi kuwa, wannan shaida ce cewa mutanen fanninsa suna jin maganarsa. Akwai dai lacca guda da ya kamata jama'ar gari su riƙa halarta, watau wadda sabon shaihin malami ke gabatarwa don ya bayyana abin da ya shafe rayuwarsa yana yi. Ranar za ka ga malamai sun shigo a jere cikin alkyabbar jami'a, shugaban jami'a na jagora, a gefe guda ga dangi da suka yi sammako daga ƙauye, tsohuwarsa na zaune a sahun gaba tana jan carbi ko da ba ta jin Turancin da ake yi. An raba laccar a ɗan littafi, kuma bisa al'ada ba a yin tambaya bayan an gama. A Jami'ar Bayero ta Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya tsaya a wannan mumbari har sau biyu, saboda ya kai matsayin a fannoni biyu, na koyar da kimiyya da na sadarwa da al'adu.

Lambobin yabo su ma hawa-hawa ne, kuma alamar ta ƙwarai ita ce a ga tana da alƙalai sanannu waɗanda ke iya cewa a'a. Kyautar kimiyya ta Nijeriya da kamfanin gas na NLNG ya fara bayarwa a 2004, wadda yanzu ta kai Dala 100,000, an yi shekaru da dama da alƙalanta suka ce babu wanda ya cancanta, aka riƙe kuɗin. A 2009 ta faɗa hannun marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, saboda bincikensa a kan cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Ƙwayar cutar tana fitar da wani sinadari mai kankare rufin jajayen ƙwayoyin jini, har jiki ya daina gane su ya shiga hallaka su, dabba ta rame jininta ya ƙare. Nok ya bi diddigin ƙwayar halittar da ke sarrafa wannan sinadari, abin da ya buɗe ƙofar neman rigakafi. Tsakanin wannan da allon katako mai ruwan zinariya da wata ƙungiya ke kawowa ofis bayan an biya kuɗin liyafa, akwai tafiya mai nisa, ko da yake duka biyun sunansu lambar yabo a cikin jerin.

Wani abin lura kuma shi ne fannoni ba su da ma'auni ɗaya. Masanin sinadarai yana iya fitar da muƙalu da yawa a shekara tare da abokan aiki goma, masanin tarihi kuwa yakan yi shekaru shi kaɗai cikin tsofaffin takardu da hira da dattawa kafin ya fito da littafi guda, kamar na Yusufu Bala Usman a kan sauye-sauyen ƙasar Katsina, wanda ya fito a 1981 kuma har yanzu ana komawa gare shi. Wanda ya ƙirga guda-guda zai zalunci na biyun. Masanin aikin gona kuma babbar wallafarsa takan fito ne a cikin ƙasa: waken SAMPEA 20-T, wanda ayarin Farfesa Mohammad Ishiyaku na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya yi shekaru yana gwadawa kafin a sake shi ga manoma a Disamban 2019, yana jure tsutsar da ke huda kwanson wake, har manomin da ya saba feshi sau shida ko takwas a damina yana iya tsayawa a kan biyu. A littafin jami'a wannan aiki layi ɗaya ya ci, kuma da Turanci aka rubuta layin, kamar yadda aka rubuta kusan dukan muƙalun da suka kai ga samar da irin, in ka ɗebe 'yan takardun bayani da malaman gona ke rabawa da shirye-shiryen rediyo da ake yi wa manoma da Hausa.