Yadda A Ke Kula Da Daɓen Sumunti Mai Sirara

Ya kai mai karatu, ka san daɓe, ka kuma san yadda mata su ke yayyafa masa ruwan makuba don ya yi ƙarfi, ruwa kuma kada ya ci shi. To, riƙe wannan a zuciya, gama shi ne kan zancenmu.

Sumunti irin wanda mu ke gini da shi, wani magini a Ingila, wai shi Joseph Aspdin, shi ya karɓi takardar mallakarsa a 1824. Amma yanzu akwai wani iri, ana ce da shi maikurosumunti. Garin sumunti ne da yashi mai laushi ƙwarai, a kwaɓa su da wani ƙaro na masana'anta, a shafa bisa daɓe ko bango. Kaurinsa duka bai wuce milimita 2 ko 3 ba. Yana shan ruwa da mai, saboda haka a kan rufe shi da wani man rufi garai-garai, mai suna foliyuritan. Wannan shi ne makubarsa. Ka lura, ba sumuntin ka ke takawa ba, man ka ke takawa. Ran da man ya cinye, in manja ya zuba, tabon ya zauna ke nan.

Babban abokin gabansa rairayi ne, balle da hunturu, gama kowace ƙwaya a ƙarƙashin takalmi kankara ta ke yi. A riƙa shara kullum, a goge da tsumma mai laima da sabulu marar kaifi. Ban da toka, ban da soson ƙarfe, ban da ruwan lemun tsami. Kujera kuma ɗaga ta a ke yi, ba ja ba. Yara dai sai an yi ta faɗa musu.

Yaya za ka san lokacin sabuntawa ya yi? Ɗiga ruwa kaɗan a bakin ƙofa, inda sawu ya fi yawa. In ya tsaya dunƙule, lafiya. In wurin ya yi duhu, ya sha ke nan, kada ka jira.

Sai ka wanke daɓen, ka bari ya bushe sarai. Ka bi shi da samfefa mai laushi, a hankali, don sabon mai ya sami abin kamawa. In ka danna, ka huda sumuntin. Kwashe ƙurar duka. Man sau da yawa gwangwani 2 ne, a kan gauraya su bisa awon da aka rubuta a jiki, ba da ka ba. Kada ka haɗa fiye da abin da za ka shafa nan take, gama daskarewa ya ke yi. Shafa shi sirara, ya bushe, kana ka ƙara na biyu. Mai garaje ya kan lafta da kauri sau ɗaya, wai don ya huta, sa'an nan ya ga abin ya yi ƙuraje.

Kashegari ana iya takawa da lura, amma wanki da ruwa da shimfiɗa tabarma sai bayan kwana 7.