Hotuna na cikin Google amma sun ƙi fitowa a kwamfuta: ina matsalar take?

Da yawa daga cikinmu mun saki jiki cewa duk hoton da muka ɗauka da wayar salula yana ajiye a intanet. Sai ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta, mutum ya je siba neman hoton takardar haihuwa ko na auren ɗiyarsa, ya buɗe kwamfuta ya tarar wayam.

Sau da yawa hoton bai taɓa hawa ba tun farko. Manhajar Google Photos takan jira sai an samu Wi-Fi kafin ta tura hotuna, mu kuwa a nan yawancinmu ɗan kuɗin intanet muke sawa a layi. To, hotunan sai su yi ta zama cikin waya, mai ita bai sani ba. Haka ma waɗanda aka aiko ta WhatsApp: jakarsu daban ce, in ba ka zaɓe ta da hannunka ba, ba za ta hau ba. Akwai kuma cikar wuri. Google na ba da giga 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da hotuna ke rabawa, kuma tun 1 ga Yuni 2021 kowane sabon hoto na cin wurin. Masu iPhone kuwa giga 5 kawai suke da shi a iCloud. Da ya cika, tura hoto ta tsaya.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne zancen adireshi. Mai gyaran waya a kasuwa ne ya buɗe maka Gmail ranar da ka sayi wayar, ya sa lambar sirri, ka tafi ba ka rubuta ba. Ko ka tuna ta ma, sabuwar kwamfuta na iya neman lambar tabbatarwa da ake aikowa ta layin da aka yi rajista da shi. In layin ya ɓata tare da wayar, fara zuwa ofishin kamfanin sadarwarka da katin ɗan ƙasa a maido maka da lambarka, sannan ka koma siba.

In ka shiga photos.google.com ko icloud.com, zaɓi hotunan ka sauke. Da yawa za su zo a ƙunshe cikin fayil na zip, sai an kwance. Na iPhone kan zo da nau'in HEIC, wanda wasu kwamfutocin Windows ba sa buɗewa sai an juya shi zuwa JPG. Hoton lafiya lau yake.

Kada ka goge hoto a can don wai ka rage wuri, domin zai ɓace har a waya. iCloud na riƙe abin da aka goge kwana 30 ne kawai. Kuma kafin ka tashi daga kwamfutar siba, fita daga adireshinka, ka kwafe hotunan a kile USB ka tafi da abinka.