Ciwon Cikin Yara: Yadda Za Mu Gane Shi

Yawancinmu ɗalibai muna da ƙanne a gida, kuma lokacin hutu mu ake bar wa reno in iyaye sun tafi gona ko kasuwa. Saboda haka ya kamata mu san yadda ake gane ciwon cikin yara, gama jariri ba ya iya faɗin inda yake masa ciwo. Sai dai mu lura da kukansa, da kashinsa, da amansa.

Ciwon cikin da ya fi damun yara shi ne gudawa, wato zawo. Idan yaro ya yi kashi mai ruwa-ruwa sau 3 ko fiye a rana ɗaya, to gudawa ce. Amma jariri mai shan nono kaɗai yakan yi kashi mai laushi sau da yawa, wannan ba ciwo ba ne. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo gudawa ta hanyar ruwa marar tsabta, da abincin da ƙuda ya sauka a kai, da hannun da ba a wanke ba. Mun saba jin ana cewa haƙora ne. Gaskiyar magana ita ce, lokacin fitowar haƙora ne yaro ke rarrafe, yana kai duk abin da ya samu baki.

Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. Ga alamunsa: idanu su faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ragu, ya yi kuka babu hawaye. Mu ɗan mintsini fatar cikinsa mu saki. In ta daɗe kafin ta koma, ruwa ya yi ƙasa. Haka kuma in maɗigar jariri ta faɗa, ba wani ciwo ne dabam ba, rashin ruwa ne. Shafa magani a ka ba zai ta da ita ba.

Maganin farko yana cikin gida. A zuba fakiti ɗaya na garin ORS cikin lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. In babu fakitin, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tsotse ba, cikin lita ɗaya. Gishirin da ya yi yawa haɗari ne. Sukarin yana taimakon hanji ya tsotse gishirin, ruwa kuma ya bi su zuwa cikin jini. A riƙa ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti 10, sa'an nan a ci gaba. Kada a hana shi nono ko abinci.

Kada mu raina wannan haɗin. A 1971, da kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladash a Indiya, Likita Dilip Mahalanabis ya yi amfani da shi ya ceci rayuka masu yawa. Tun 2004 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa da ƙwayar zinc har kwana 10 zuwa 14.

Amma akwai alamun da ba a jira da su, sai asibiti nan take: jini a kashi, wato atuni, gudawar da ta kai mako 2, yaro ya kasa sha ko ya yi laushi ƙwarai, amai kore, ko ciki ya kumbura kashi ya ƙi fita, domin mai yiwuwa hanji ya toshe. Haka nan jaririn 'yan makonni mai feso amai da ƙarfi bayan kowane shan nono, ko yaron da ke ƙwalla ƙara jefi-jefi yana naɗe ƙafafu zuwa ciki. Mu gaya wa ma'aikacin lafiya yaushe ciwon ya fara, sau nawa, da launin kashin.

Rigakafi ya fi magani. Nono zalla har wata 6, wanke hannu da sabulu, da rigakafin rotabairos wanda Nijeriya ta fara bayarwa a 2022, duk suna tsare yara. In mun je hutu, mu koya wa na gida.